A Buɗe Mana Zauren 'Yan Mazan Jiya, Ko Na Awa Ɗaya Ne

Zuwa ga Alhaji Sabi'u,
Shugaban Kwamitin Ci-gaban Gari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Barka da dawowa daga Umra, Allah ya karɓi ibada.

Ni ce Binta Garba, wadda aka fi sani da Malama Binta. Kai dai ba sai na gabatar maka da kaina ba, tunda ni na koyar da kai a aji uku da aji huɗu, kuma har gobe idan muka haɗu sai ka russuna ka gaishe ni. Amma da yake takardar a buɗe take, zan yi bayani saboda waɗanda ba su san ni ba. Ni tsohuwar malamar firamare ce. Mahaifina soja ne, mijina soja ne, ɗana na biyu ma soja ne, kuma dukkansu sun riga mu gidan gaskiya. Tun rasuwar maigidana ni nake riƙe da littafin taro da mabuɗin zauren 'yan mazan jiya, wato tsofaffin sojoji, wanda ke bakin titi daura da tasha. Littafin yana nan a hannuna. Mabuɗin kuwa yana hannunka, yau damina uku ke nan.

Ban so abin ya kai ga haka ba. Mace mai shekaruna ba ta son a riƙa karanta sunanta a teburin mai shayi. Na rubuta maka takarda uku a rufe, na taka zuwa gidanka sau bakwai. Wannan ce ta ƙarshe, kuma gaskiya ban rubuta ta don ina sa ran wani abu zai sauya ba. Na rubuta ne don kada wata rana a ce ba wanda ya yi magana.

Na ɗaya: waɗanda suka gina zauren.

Sakatarenka ya ce da ni zauren ginin gari ne, don haka kwamiti yana da iko da shi. Bari in faɗi yadda aka yi, kamar yadda na ji daga bakin waɗanda suka yi aikin, da kuma abin da na gani da idona.

Mahaifina, Saje Garba, yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu. Su huɗu suka dawo a wannan yanki namu. An tarbe su da murna, amma ba a daɗe ba aka fara ja da baya da su. Ana cewa sun dawo da zafin rai, ba su iya zaman majalisa ba. Mahaifina ya ce idan ya soma ba da labarin jirgin ruwan da suka yi makonni a ciki ba su ga tudu ba, ko dajin da rana ba ta ratsa shi, sai a kwashe da dariya, a ce Saje ya fara. Sai ya daina faɗa. Su huɗun suka je gaban dagacin wancan lokaci, suka roƙi inda za su riƙa zama su kaɗai. Ya nuna musu wani juji a bayan gari, don a lokacin titi bai biyo ta nan ba, kuma ba mai son wurin. Suka kwashe shara, suka kwaɓa ƙasa, suka yi tubali da hannunsu, suka rufa da azara. Asalin zauren ke nan.

Ina budurwa aka gama yaƙin basasa. Sai ga samari sun dawo da yawa, wani da sanda, wani da hannu guda, wani kuma lafiya lau a ido amma ba ya son magana. Zauren ƙasa ya yi musu kaɗan, suka rushe shi suka sake gini da bulo da kwano. Kowa ya kawo abin da ya samu: wannan buhun siminti, wancan falle biyu na kwano, wanda ba shi da komai ya yi leburanci. 'Yan Babura da Kanya Babba suka kawo katako a amalanken shanu. 'Yan Roni da Gwiwa suka yi ta jidar yashi da jakuna. Mu 'ya'yansu mata da matansu muka ɗebo ruwa daga rijiya, tulu bayan tulu, har wuyanmu ya ƙage. A wurin ɗiban ruwan nan na fara ganin Kofur Isyaku yana buga bulo, shi ne daga baya ya zama mijina. A lokacin babu kwamiti. Kai kanka, Alhaji, ko yaye ka ba a yi ba.

Sakatarenka ya tambaye ni takardar fili. Gaskiya ne, babu. Da baki dagaci ya bayar, a gaban shaidu, kuma shi da shaidun duk suna ƙarƙashin ƙasa. Mutanen da suka share juji ba su taɓa zaton wata rana titi zai biyo ta ƙofarsu har wurin ya yi daraja ba.

Na biyu: abin da ake yi a cikinsa.

Masu wucewa sun ɗauka wurin hirar tsofaffi ne. Ba haka ba ne. Duk Alhamis ta farkon wata ake taro, daga hantsi zuwa azahar. A da a kan keke suke zuwa, daga baya a babur ɗin haya da ƙananan motoci. A nan ake sanin wanda ba shi da lafiya, a tura mutum biyu su dubo shi. A nan ake karanta wa wanda bai yi boko ba takardar da aka aiko masa. Matan da mazansu suka rasu su ma suna zuwa, su zauna a bencin baya, ni nake rubuta musu wasiƙa in cike musu fom. Amma babban abin shi ne, a nan ne kawai mutanen nan suke iya faɗin abin da suka gani. Na yi shekara talatin da wani abu da Kofur Isyaku, bai taɓa ba ni labarin yaƙi a ɗakinmu ba. Ranar taro kaɗai yake dawowa gida fuskarsa a sake, ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

Akwai abubuwa biyu a cikin zauren da na fi damuwa da su. Ɗaya akwatin ƙarfe ne, kore, a kusurwar gabas. A ciki ake ajiye takardun sallama daga soja na waɗanda suke tsoron gara ko gobara a gida, da hotuna, da lambobin yabo na waɗanda suka rasu ba su bar magaji ba, da tsohuwar begilar da ake busawa ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Na biyu shi ne bangon da ke fuskantar ƙofa. Duk wanda ya rasu a cikinsu, ana rubuta sunansa da baƙin fenti, da boko da kuma ajami, don mahaifina ya ce ba kowa ne zai iya karanta na Turawa ba. Daga sama aka fara, ana gangarowa. Mahaifina yana layi na uku. Mijina yana wajen tsakiya. Ɗana Nura yana can ƙasa, daidai gwiwa.

Nura a arewa maso gabas ya faɗi. Waya aka yi mana. A can aka binne shi tare da abokan aikinsa, ban ga gawarsa ba, ban san inda kabarinsa yake ba. Bai kai ga zama ɗan mazan jiya ba, amma shugaban ƙungiyar 'yan mazan jiyan, Samanja Haruna na Babura, ya ce jikan Saje ne, ɗan Kofur ne, sai an rubuta shi. Da kansa ya durƙusa ya rubuta, harafin ƙarshe ma ya ɗan karkace. Na san bango ba kabari ba ne, na kuma san addu'a tana isa daga ko'ina. Amma ni uwa ce. Duk ranar da na je shara, idan na gama sai in zauna a benci in dube shi, in yi masa addu'a, in tashi.

Na uku: yadda mabuɗin ya bar hannuna.

A nan ina da nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Farkon damina ne, da yamma, hadari ya haɗo daga gabas. Ka yi sallama a ƙofar gidana da kanka, ka tsugunna. Ka ce motar takin zamani da kwamiti ya samo wa manoma ta iso, sito bai kammala ba, idan ruwa ya sauka a kan buhunan an yi asara. Kalmominka suna nan a kunnena: "Malama, sati biyu kawai. Da an raba zan kawo miki mabuɗin da hannuna."

Ya kamata in ce ka jira in tambayi Samanja. Ban yi ba. Na dubi sama, na tuna manoman da ke jiran takin, na kuma dubi yaron da na koya wa riƙon fensir. Na lissafa na ga sati biyun za su cika kafin Babbar Sallah. Na shiga ɗaki na ciro mabuɗin daga ƙarƙashin kwalla na miƙa maka. Ko takarda ban ce ka sa hannu ba. Da Samanja ya ji, bai yi mini faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Malama, da ni ne ma da na bayar." Na san don ya kwantar mini da hankali ya faɗa.

An raba takin. Kafin a share wurin sai aka shigo da injinan ban-ruwa. Bayan su famfunan feshi. Bayan su kujerun roba da rumfunan da kwamiti ke bayarwa haya a bukukuwa. Da damina ta zagayo aka sake jibge wani takin, ta uku ma haka. Sito kuwa ya kammala tuni, kowa yana ganin abin da ake ajiyewa a cikinsa. Wata safiya na bi ta wurin na ga an cire kwaɗonmu an sa wani babba.

Na huɗu: zirga-zirgar da muka yi.

Zuwana na farko aka ce ka tafi Dutse. Na biyu aka ce kana barci. Na uku na same ka, ka sa aka kawo mini lemo, ka ce kwamiti zai zauna. Na huɗu ka ce kwamiti ya zauna amma mutane ba su cika ba. Na biyar da Samanja muka je, ya sa tsohon kakinsa da lambobinsa, muka zauna a benci a ƙofar gida tun hantsi har aka kira azahar, sannan aka ce ai ka fita ta ƙofar baya tun ɗazu, akwai ɗaurin aure a Roni. Na shida da na bakwai sakatare aka haɗa ni da shi, shi ne mai maganar takardar fili.

Ba zan ce ba ka yi wa 'yan mazan jiyan komai ba. Da azumin bara ka aiko a tara su a ƙofar ofishin kwamiti, aka ba kowa buhun shinkafa ƙarami, aka jera su aka ɗauki hoto. Sun karɓa, don suna bukata, Allah ya saka da alheri. Amma ka san abin da suka zo nema ba shi ba ne. Malam Audu Direba na Roni, wanda idonsa ya tafi, da aka kama hannunsa aka ɗora a kan buhun, tambaya ya yi, "To mabuɗin fa?" Mai hoto ya ce ya ɗaga kai.

Tun da zauren ya bar hannunsu, a gindin darbejiyar tasha suke taro. Motoci suna hon, 'yan kamasho suna ihu, masu talla suna ratsawa ta tsakiyarsu. Yawancinsu kunne ya yi nauyi. Maganar da suke yi a zaure ba ta yiwuwa a bakin titi, sai a gaisa, a tambayi jiki, a watse. Matan sun daina zuwa, don ba za su zauna a tasha cikin maza ba. Waɗanda suka yi ritaya a baya-bayan nan, da muke sa ran su karɓi ragamar, sun zo sau ɗaya sau biyu, suka ga inda ake zama, ba su ƙara dawowa ba. Ban ga laifinsu ba.

Na biyar: Baba Buba.

Ina so ka san wannan, don ina jin ba a gaya maka ba. Baba Buba Bafulatani ne daga wata ruga a wajen Gwiwa. Cikin shanu ya tashi, yanka ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Amma tun da ya dawo daga yaƙin basasa bai ƙara iya tsayawa inda ake yanka ba, ko da kaza ce. Bai taɓa faɗin dalili a gabana ba, ni kuma ban tambaya ba. Duk jajiberin Babbar Sallah sai ya zo ya kwana a gidanmu. Da an sauko daga idi, shi da maigidana su wuce zaure, su rufe ƙofa da tagogi, su zauna har a gama yanka da fiɗa a gari. Bayan rasuwar maigidana sai in ba shi mabuɗin, ya je ya zauna shi kaɗai, da la'asar ya dawo mini da shi. Shekara da shekaru haka ake yi, 'ya'yansa sun sani, mu ma mun sani, ba wanda ya taɓa yi masa dariya.

Sallar farko bayan na ba ka mabuɗin, ya zo kamar yadda ya saba. Ranar jajibere na je gidanka, shi ne zuwan da aka ce ka tafi Dutse. Na roƙi Baba Buba ya zauna a ɗakina, ya ce a'a, maƙwabta ta ko'ina za su yi yanka, kuma wataƙila an buɗe. Ya tafi. Da na ga azahar ta wuce ban ji motsinsa ba, na bi sawu. Na same shi a dandamalin ƙofar zauren, ya haɗa kai da gwiwa, ya ja babbar rigarsa ya lulluɓe kansa. A tsallaken titi ana ta fiɗa, jini yana bin kwata. Tun safe yake nan. Dattijo mai jikoki. Na kira sunansa sau uku kafin ya ɗago, ya dube ni kamar bai san ni ba, sannan ya ce, "Malama, yau na koma can."

Na samo mai babur ya kai shi gida. Bai sake zuwa taro ba, bai sake zuwa garin nan ba. Kafin wata Sallar ya rasu. Ajali na Allah ne, ban ce kwaɗonka ne ya kashe shi ba. Amma ni na gan shi a dandamalin nan, kuma ni na ba da mabuɗin, don haka ni nake kwana da abin nake tashi da shi. Ko sunansa ba a rubuta a bango ba, shi da mutum biyar da suka bi bayansa.

Na shida: abin da na gani da na shiga.

Watan jiya ina dawowa daga asibiti na ga ƙofar a buɗe, ana fitar da kujeru za a kai gidan biki. Na roƙi mai kula da kayan, ya ce in shiga amma in yi sauri. Allah ya yi masa albarka.

Alhaji, kwano ya ɓule a wuri uku. Ruwa ya yi ta zuba a kan buhunan taki, takin ya narke ya malale a ƙasa. Kai manomi ne, ka san abin da taki yake yi wa siminti da ƙarfe. Daɓen ya farfashe kamar an bi shi da diga. Bencinan da aka jingine gara ta gama da su. Akwatin ƙarfen yana nan a kusurwarsa, an ɗora masa injin ban-ruwa, gindinsa ya cinye da tsatsa. Na zura hannu ta ƙasa, abin da na taɓo curin takardu ne da suka manne da juna suka zama kamar dusa. A cikinsu akwai takardun sallamar mazan mata biyu, waɗanda aka koro daga wajen tantance 'yan fansho saboda ba su zo da su ba. Tun bara suke zuwa gidana suna tambaya, ina ce musu su ƙara haƙuri, takardunsu suna nan a adane.

Sannan na juya na dubi bangon. Danshin takin ya hau shi daga ƙasa, ya yi fari-fari kamar gishiri, shafen ya ɓanɓare ya zube har zuwa daidai ƙugu. Na sama suna nan. Na ga sunan mahaifina, na ga na mijina, rabin ajaminsa ya tafi. Daga nan zuwa ƙasa babu komai sai bulo tsirara. Na durƙusa na tona ɓarɓashin da ya zubo, ko zan sami guntun da ke da harafi ɗaya na Nura. Duk abin da na ɗauka sai ya marmashe a hannuna. Mai kula da kayan ya tsaya a kaina, ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, za a rufe." Na tashi na fito.

Ban yi kuka a wurin ba. Na zo gida na yi alwala na yi sallah, na zauna, na kasa cin abinci kwana biyu.

Na kuma ga wasu mutane da igiyar awo suna zagaya zauren, sau biyu. A gari ana cewa za a rushe shi a yi shaguna, tunda bakin titi ne. Ban ji daga bakinka ba, don haka ban ɗora maka ba. Amma ban ji ka musanta ba.

Na bakwai: inda aka tsaya.

Yanzu mutum uku suka rage a cikin waɗanda suka yi ginin: Samanja Haruna, da ciwon suga ya cinye masa ƙafa, da Malam Audu Direba, da wani guda a nan gari wanda ya fi shekara bai tashi daga kan gado ba. A taron watan nan su biyu ne suka zo, sai ni da littafi. Samanja ya ce shi ya gaji, kuma ba ya so ƙungiyar da iyayenmu suka kafa ta mutu a wulaƙance, a wayi gari kawai ba wanda ya zo. Ya ce gara a rufe ta da hannu, a yi addu'a, kamar yadda aka buɗe ta. Malam Audu, hawaye yana bin gemunsa, ya ce ya yarda. Na rubuta. Taron Alhamis ta farkon watan gobe shi ne na ƙarshe. Ni ma bayan nan 'yata za ta tafi da ni Kano a yi mini aikin ido, kuma ta ce ba za ta bar ni in dawo in zauna ni kaɗai ba.

Don haka ga roƙona.

Na farko, a kwashe kayan kwamiti, a gyara kwanon, a mayar wa masu zauren zaurensu. Na rubuta wannan ne don shi ne gaskiya, ba don ina jin za a yi ba. Ko an yi ma, ban san wanda zai zauna a ciki ba.

Na biyu, a sauke injin nan daga kan akwatin, a kawo mini shi gida yadda yake. Wataƙila takardun da ke sama ba su jiƙe ba. Idan ma sun jiƙe, ina so matan nan biyu su gani da idonsu, in daina yi musu alkawarin da ba zan iya cikawa ba.

Na uku, idan maganar rushewa gaskiya ce, kada a sa guduma sai an bar ni na kwafe sunayen da suka saura. Littafin taron da ke hannuna daga zamanin mijina ya fara, na gabansa yana cikin akwatin. Waɗanda ke saman bangon nan, da yawansu ba inda sunansu ya rage a duniya sai nan.

Na huɗu, kuma shi ne wanda na fi roƙo: a buɗe mana ƙofar ranar Alhamis ɗin nan, awa ɗaya. Ba sai an fitar da komai ba. Za mu zo da tabarmarmu, mu matsa buhu biyu, mu zauna. Dattawan nan biyu su rufe taronsu a ƙarƙashin rufin da suka ɗora da hannunsu, su yi wa 'yan uwansu addu'a, mu fito, ka mayar da kwaɗonka. Ba za mu taɓa ko tsinke ba. Idan kana so, ka tura wanda zai tsaya a kanmu.

Alhaji, ban riƙe ka da ƙiyayya ba. Na san ka yi wa garin nan ayyuka, rijiyoyin burtsatse da gyaran maƙabarta ba a ɓoye suke ba. Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da arziki na halal, ya shirya maka zuri'a, ya jiƙan mahaifanka. Allah ya ba ka tsawon rai, ya sa idan ka tsufa ka sami inda za ka zauna da sa'o'inka, a saurare ka. Allah ya jiƙan 'yan mazan jiyanmu, na saman bango da na ƙasansa da waɗanda ba a samu an rubuta ba.

Abu ɗaya ya rage. Idan ka san ba za a buɗe ba, don girman Allah ka aiko a gaya mini tun ranar Laraba. Ba sai an ba da dalili ba, a ce a'a kawai, ya isa. Samanja daga Babura ake ɗauko shi, sai mutum biyu sun ciccibe shi sun sa a mota, kuma duk tafiyar da ya yi sai ta kwantar da shi kwana uku. Kada a taso shi ya zo ya tsaya a bakin titi a banza.

Wassalam.

Malamarka,
Binta Garba,
mai riƙe da littafin taron 'yan mazan jiya.